A Ba Ni Sunayen Mutanen Kukar Dabo Kafin a Goge

Zuwa ga Dakta Nasiru, jagoran aikin tattara labaran guguwa a ƙauyukan manoma, da kwamitin da ke sa masa ido a cibiyarsu ta bincike da ke Birmingham.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. A gaida mai ɗakinka, a shafa mini kan yara. Mu ma nan Salford lafiya lau, sai sanyi, shi kuwa ɗan gari ne, mu ne baƙi.

Dakta, kai ka san ni, amma tunda wasiƙar a buɗe take bari in gabatar da kaina ga sauran masu karatu. Ni tsohon malamin gona ne. Na yi shekara talatin da wani abu ina yawo a kan babur, ina koya wa manoma abin da yawancinsu suka fi ni sani. Bayan rasuwar mai ɗakina, 'yata Hadiza da ke aikin jinya a nan ta ɗauko ni ta ajiye a flat ɗinta da ke wani gidan bene, hawa na huɗu, inda yanzu gonata tumatir biyu ce a bakin taga.

Da gangan na rubuta da Hausa. Da Hausa kuka karɓi maganata, kuma kwamitin da ya samu mai fassara ranar da yake son ji daga gare ni ba zai rasa shi yau ba. Na sa ta a dandalin jama'armu na Manchester da Birmingham ne don na rubuta sau uku a asirce, lokaci kuma ya ƙure.

Abin da ke tsakaninmu gajere ne. A cikin kwamfutarku akwai muryata, inda na jera sunayen mutum ashirin da uku da guguwa ta kashe a garinmu. Shida daga cikin sunayen sun zube mini, kuma iyakar sanina babu inda suka rage a duniya sai cikin wannan murya. An rubuto mini cewa ƙarshen watan gobe za a goge ta. Da zan iya tsayawa nan da na tsaya, amma ni jikan mai tatsuniya ne, ban iya yanke ba. A yi haƙuri a bi ni daki-daki.

Na ɗaya: abin da ya faru.

Ƙauyenmu Kukar Dabo ake ce masa. Kada wani ya wahalar da kansa wajen dubawa a taswira, yanzu kufai ne, gero ake shukawa a inda ɗakin mahaifiyata yake. Ina yaro, ban daɗe da warkewa daga kaciya ba, ruwan shuka ya sauka wata Laraba. Wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da ke biyo baya: washegari ba a barin kowa a gida sai mai jego da wanda ƙafa ta ƙi. Maza a gaba da sungumi suna sara, mata da yara a baya da ƙwaryar iri, a jefa a take da diddige. Ni ina bin kawuna Barau. Yayata, 'yar farin mahaifiyarmu, tana bin babanmu a gonar da ke kusa da kuka.

Tun hantsi zafin ranar bai yi kama da na bayan ruwa ba. Iska ta ɗauke cak, jakuna suka ƙi kiwo. Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi kamar ruwan baba a marina, ya fara da ƙanƙara. Guguwa dai mun san ta, wadda takan tashi da rani ta kwashi kara da tsumma ta zaga kasuwa, kakata ta ce aljanu ne ke wucewa, a yi a'uziyya a ba su hanya. Wannan ba daga ƙasa ta taso ba. Daga sama aka zuro ta kamar igiyar guga, tana lilo tana ƙara kauri har ta taɓa ƙasa. Uku aka gani a yammacin nan. Ɗaya ta bi ta Tsamiyar Maƙera, ɗaya ta ratsa gonakin Gidan Rabo, ta ukun ta nufo mu.

Mutane suka yi abin da iyayensu suka koya musu: in hadari ya rutsa ka a gona, ka nufi kuka. Kukar nan mutum goma ba sa kewaye ta da hannu, ta girmi garin, ita ta ba shi suna. Kawu Barau ya ga ta yi mana nisa, sai ya cilla ni cikin ramin da ake haƙar ƙasar gini ya kwanta a kaina. Ba dabara ba ce, shi da bakinsa yakan ce gudu ne bai iya ba. Da muka fito babu kuka a tsaye. Babanmu ya fita da karayar cinya. Yaya ba ta fita ba.

Sauran abin da idona ya gani na faɗa maka a rikoda: turmi a saman ɗorawa, jinkar rumbu a gonar wani gari, kaji da ransu babu gashi ko ɗaya. Mutum ashirin da uku muka binne a Kukar Dabo. Na sauran garuruwan ban san adadinsu ba, ba kuma zan ƙirƙira ba. Babu jaridar da ta zo. Hakimi ya aiko wakili bayan kwana huɗu, ya yi ta'aziyya, ya sha ruwa, ya koma.

Na biyu: yadda aka riƙe sunayen.

Damina ba ta zaman makoki. Laimar ƙasa ta kwana biyu ce ko uku, wanda bai yi shuka a cikinsu ba ya san abin da zai ci da rani. Saboda haka Juma'a aka yi jana'iza, Asabar aka koma gona da irin da aka roƙo a maƙwabta. Layi uku aka haƙa kaburburan a gefen kututturen kukar, cikin gaggawa, mu kuma ba ma kafa allo a kan kabari. Liman ya ga cewa in damina biyu ta wuce a kai, babu wanda zai san wane ne a ina. Sai ya kira kawu Barau, don shi ne mai riƙe iyakokin gonaki a ka, wanda in an yi rigima ake kira ya ce daga wannan gamji zuwa wancan suri. Liman ya bi da shi kabari kabari yana faɗin suna, kawu yana maimaitawa, har ya zauna masa. Jerin nan shi ne taswirar maƙabartar. In ka san wane ne na bakwai, ka san inda yake kwance.

Shida daga cikinsu ba 'yan garin ba ne. Huɗu 'yan ƙodago ne da suka gangaro daga arewa neman aikin shuka. Su biyar suka zo, ɗaya ya tsira, shi ya faɗa wa liman sunayen 'yan uwansa da na iyayensu maza, ya ɗauki sandarsa ya tafi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Sai wata Bafulatana mai tallar nono da goyonta, rugarsu tana kan hanyar wucewa da shanu. Mijinta ya zo ya tsaya a kan kabarin, aka tambaye shi sunanta ya sunkuyar da kai, don ba ya faɗa. Matan gari masu sayen nononta su suka san sunan, da na jaririn.

Daga wannan shekara, duk sanda ruwan shuka ya sauka, ba mai ɗaga sungumi sai an taru a kututturen kuka da sassafe. Kawu ya jero sunayen, kowane suna a ce Allah ya jiƙansa, a raba gumba, sannan a watse gona. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, tana da rai ko bayan ranta, don 'yar fari ce. Sau ɗaya a shekara take jin sa daga bakin wani. Tana can bayan mata, in aka zo na goma sha tara sai ta gyara lulluɓi. Shi ke nan kukanta, iyakar wanda na gani.

Da kawu ya fara manyanta sai ya ɗora mini, muna tafe gona yana faɗa ina amsawa. Ranar da na kawo su duka babu tuntuɓe, ya ce da ni, “Namu ko ka yi sakaci danginsu za su tuna. Baƙin nan kuwa, kai ne danginsu.”

Daga baya aka shimfiɗa kwalta can nesa da mu, gari ya tashi gida gida ya koma bakin titi. Samarin malamai suka zo suka ce taron ba shi da asali a addini. Ban zo yin fatawa ba, watakila sun fi ni gaskiya, amma dai taron ya rage daga gari guda zuwa mu uku, daga mu uku zuwa ni kaɗai. Da na zo ƙasar nan sai wata matsala ta taso, don a Salford ba a gane ruwan farko, tunda na bara bai ɗauke ba. Sai na shirya da ɗan ƙanena, in an yi ruwan shuka a gida ya bugo mini, in shimfiɗa darduma in karanta su in yi musu addu'a, Hadiza ta soya ƙosai ta miƙa wa maƙwabta, waɗanda har yau suna zaton ranar haihuwata ce.

Na uku: yadda suka zo hannunka, da nawa laifin.

Mun haɗu da kai a wajen sunan ɗan wani ɗalibi a unguwar Selly Oak da ke Birmingham, kusan shekara biyu ke nan. Ana cin shinkafa a tsaye saboda ƙanƙantar falo, wani ya kawo zancen iskar da ta hana jiragen ƙasa tafiya a makon, ni kuma na ce wannan ai fifita ce. Tsoho in ya samu masu saurare ba ya jin yunwa, na kwashe labarin na ba su. Ka ajiye faranti ka ce, “Baba, wannan labari bai kamata ya tafi da kai ba.” Ban ji haushi ba, ko da yake ba kowane tsoho ke son a tuna masa da tafiya yana tsakiyar cin shinkafa ba.

Ka zo har Salford, jirgi da tiram, ka zo mini da goro, wanda har yau ban san inda ka samo shi ba. Ka durƙusa ka gaishe ni kamar ɗan gida. Wannan ina shaidarka a gaban kowa. Mun yi awa biyu muna magana, sunayen suka zo a ƙarshe, minti shida ne har da addu'o'insu.

Kafin ka kunna rikoda ka fito da fom. Ka karanta mini, ban ce ba ka karanta ba. Akwai gida biyu, ɗaya a bayyana sunan mai magana, ɗaya a ɓoye. Ka ce, “Baba, wanne za a yi tick?” Na ce a ɓoye. Dalilina kuwa duk Bahaushen da ke karanta wannan ya riga ya sani: mutum ba ya tallar kansa a kan gawar 'yan garinsu. Kada a ce Sale ya je Ingila ya yi suna da mutuwar mutane. Kaina nake ɓoyewa. Ban san cewa a tsarinku in mai magana ya ɓuya duk wanda ya ambata ya ɓuya tare da shi ba, kuma muryar ma in an gama kwafe ta sai a hallaka ta. Yana nan a shafi na uku, Hadiza ta nuna mini daga baya. An ce laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. To, ni ga nawa na nuna.

Akwai laifi na biyu ma. Wani zai ce, kai da ka yi boko, me ya hana ka rubuta su tun tuni? Tambaya ce mai kyau. Na cika takardun taki da na maganin feshi da za su cika rumbu, amma sunaye ashirin da uku ban taɓa sa musu biro ba. Wanda ya haddace Fatiha ba ya rubuta ta ya sa a aljihu. Haka na ɗauke su.

Na huɗu: abin da ya same ni.

Wata huɗu bayan zuwanka, ina alwalar azahar buta ta suɓuce daga hannuna, bakina ya karkace. Na yi kwanaki a asibiti. Hannu ya dawo, ƙafa ta dawo da taimakon sanda, baki ya miƙe. GP ɗina, wato likitata, wata baiwar Allah mai kirki, ta sa ni in zana agogo, in ƙirga da baya da baya, in faɗi sunan firaminista, duk na ci. Ta ce na yi sa'a. Ba ta tambaye ni mutanen Kukar Dabo ba, don ba sa cikin fom ɗinta.

Da damina ta kewayo ɗan ƙanena ya bugo. Na shimfiɗa darduma na fara. Layin farko ya tafi sumul. Na shiga na biyu, na wuce Bawa, na wuce Lawal, sai na tsaya kamar jakin da ya ga rami. Na san mutum huɗu ne a wurin, ina jin nauyinsu a kan harshe, amma babu. Na tsallake, na kai ƙarshen layin mata, nan ma biyu babu. 'Yan gari duk suna nan. Baƙin ne suka zube, su shidan, kamar an zaɓe su da hannu. Hadiza ta ce haka ƙwaƙwalwa take, sunan da ke da fuska ya fi zama. Watakila. Ni dai na san wanda aka ce in zama danginsu.

Na bugi gida na yi cigiya. Tsofaffi biyun da muke taruwa da su sun riga mu gidan gaskiya. An samo mini wata tsohuwa a bakin titi da ta tuna Bafulatanar, ta ce tana da wushirya, kuma ba ta rowar gyara. Suna kuwa ta ce ya tafi.

Duk da haka hankalina bai tashi ba, na ce ai suna wurin Dakta. Ban kira ka ba, don kunyar in ce maka na zubar da abin da na zo ina taƙama da shi. Na ce bari in jira baje kolin da ka ce za a yi, in je in gan su a rubuce, in kwafa a sace ba wanda ya sani.

Na biyar: Ladywood.

Asabar ta biyu bayan ƙaramar salla muka hau jirgi ni da Hadiza, na sa babbar riga a ƙarƙashin kwat kamar mai zuwa ɗaurin aure. Zauren baje kolin naku da ke unguwar Ladywood a Birmingham ya yi kyau, ba zan rage muku ba. Na daɗe a gaban allunan manoman Amurka. Ashe su ma an yi musu irin tamu, garuruwa da yawa a yini guda, shanu a kan itace, rumbuna a ƙasa. Sun ce ƙarar kamar ta jirgin ƙasa ce. Mu da ba mu san jirgi ba a lokacin, mun ji ta ne kamar an tara matan duniya suna sussuka a turmi ɗaya. Akwai hoton wani dutse da suka kafa, an sassaƙa sunan kowa a jiki, har da na jarirai. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya, don manomi ɗan uwan manomi ne.

Namu allon yana kusurwa kusa da teburin shayi. Kukar Dabo ta zama “Ƙauye B”. Ni na zama “Mai ba da labari na 7”, wannan kuwa ni na saya wa kaina. Mamatan an zuba su a jadawali: maza kaza, mata kaza, yara kaza, an jera su bisa shekaru. Abin da nake yi wa buhunan taki a rahoton ƙarshen wata, shi aka yi musu. Jerin kaburbura ya tafi. Maganar turmi a kan ɗorawa tana nan da manyan haruffa, haka ma ta kajin da aka fige. Kaji sun samu shiga, mutane ba su samu ba.

Ban yi fushi a wurin ba, don bara da na iso gurbin baƙin nan, abin da na ce shi ne bawan Allah na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. Ashe ni na riga ku yin jadawali.

Na dai ja ka gefe na tambaye ka, me ya sa na Amurka suna da suna? Ka ce, “Baba, nasu public record ne, jarida ta buga tun a lokacin. Naku kuwa personal data ne.” Na juya maganar a jirgi har muka iso gida. Abin da na fahimta shi ne, wanda jarida ta rubuta ya zama tarihi, wanda baki ya riƙe ya zama sirri. To mu da wakilin hakimi kaɗai ya zo mana, shi ma bai zo da biro ba, yaushe za mu shiga tarihi?

Na shida: amsoshin ofishinku.

Wasiƙa ta farko, bayan mako biyu aka amsa da godiya bisa gudummawata mai daraja. Ta biyu aka ce ba za a iya ba ni muryar ba, saboda akwai sunayen wasu mutane a ciki da ba su ba da izini ba, amma ga kwafin rubutun, wanda aka riga aka cire sunayen. Wato na nemi hatsi aka aiko mini da buhu. Ta uku aka ce sai in kawo yardar dangin waɗanda aka ambata, kwamiti ya duba. Aka ƙara da cewa ranar gogewa tana nan a ƙarshen watan gobe, zaman kwamiti na gaba kuma sai bayan hutu. Na duba kalanda, na ga za a yi zaman ne a kan abin da aka riga aka goge.

Dangin Yaya ni ne, na yarda. Dangin sauran 'yan gari goma sha shida zan iya nemo su ta waya. Dangin baƙin shida kuwa, in kwamiti ya san inda suke ya taimaka mini da adireshi, shekara sittin da ɗoriya ba mu gan su ba. Ba a cigiyar dangin mutum sai da sunansa, sunan kuma yana wurinku.

Na kira ka na ce to ka saurara da kanka ka faɗa mini. Ka ce, “Wallahi Baba abin ya fi ƙarfina, tun da na miƙa file ɗin ni ma ba ni da access.” Wato kai ma an rufe maka ƙofa, sai dai ka ce kamar akwai wani Musa a ciki. Na gode da ƙoƙari, amma ban karɓa ba. Sunan mamaci ba a cankarsa.

Hadiza kullum tana ce mini, “Baba, policy ne, ba wai sun raina ka ba ne, mu ma a ward haka muke.” Na yarda, asibiti ma da dokarsa. Na san an yi dokar ne don kare mai rai da ya faɗi abin da zai iya jawo masa wahala, kuma doka ce mai kyau. Mu ma ba baƙin ɓoye suna ba ne. Uwa ba ta kiran ɗan fari, mace ba ta kiran miji, suruki ba ya kiran suruki. Sai dai mu sunan da muka ɓoye muna ajiye shi a bakin wani. Ba mu taɓa ɓoye suna ta hanyar kashe shi ba.

Saboda haka ga buƙatuna.

Ɗaya, a dakatar da gogewar har kwamiti ya zauna. Wannan sa hannun mutum ɗaya ne, na yi aikin gwamnati na sani.

Biyu, na janye alamar da na sa a fom. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Sunana yana ƙasan wasiƙar nan, a sa shi duk inda ake so.

Uku, a ba ni minti shidan nan. Sauran awa biyun ku riƙe, da kajin da turmin duka. In doka ta hana muryar fita daga gininku, ni doka ba ta hana ni shiga jirgi ba. A zaunar da ni a ɗaki, a sa mai gadi in ana so, a kunna mini sau biyu don kunnena na hagu ya yi nauyi. Zan zo da littafina da biro. In na gama a goge, ba zan ƙara damun kowa ba.

Huɗu, nan gaba in za ku karanta wa wani tsoho daga wajenmu wannan fom, ku tambaye shi a fili: kanka kake so a ɓoye, ko har da mutanenka? Kusan duk wanda kuka tambaya zai ce a ɓoye shi, don haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ba abin da kuke nufi yake nufi ba.

Waɗanda suka rage mini kuwa, ga su na rubuta yau, tun ban sake yin wata alwalar ba.

Layin farko, daga kututture zuwa gabas: Malam Idi na'ibin liman, Tanko maƙeri, Audu ɗan Tanko, Mamman Dogo, Jibo mai jaki, Garba Kurma, Ɗanjuma na Gwaggo Ladi, Isuhu wanzami.

Layi na biyu: Bawa Ɗan'azumi, Lawal ɗan liman, sai mutum huɗu, sai Sani Gurgu, Ali Ƙarami.

Layi na uku: Iya Tabawa, Kande matar Jibo, Hajara yayata, Ladidi, Talatu 'yar Isuhu, sai mace ɗaya da ɗanta.

Allah ya jiƙansu duka, waɗanda na kira da waɗanda na kasa. In cikin masu karatu akwai jikan Kukar Dabo ko Gidan Rabo ko Tsamiyar Maƙera da ya taɓa tsayawa a taron nan yana yaro, wani suna ya maƙale masa, ya neme ni ta hannun Hadiza.

An ce mini hadari ya fara haɗuwa a gida. Ko wannan mako ko na gaba waya za ta yi ƙara, in shimfiɗa darduma da abin da nake da shi.

Dakta, ban rubuta wannan don in kunyata ka ba. Kai kaɗai ne a ƙasar nan ka zauna ka saurare su har ƙarshe, kana cewa amin. Allah ya ƙara maka ilimi mai amfani, ya raya maka zuri'a, ya ba kwamitinka ikon zama kafin lokacinsa. Allah ya ja kwananka, in kuma ranar ta zo, ya sa a samu mai kiran sunanka daidai.

Wassalam.

Sale Mamman Kukar Dabo,
tsohon malamin gona,
Salford.